Agogon Wayar Baba Nomau

Laifina ne, kuma na san haka tun ranar da abin ya faru. Na ɗora wa zafin rana, na ɗora wa batir, har na bar mutum ya ɗora wa kansa, alhali hannuna ne ya taɓa wayar, bakina ne kuma ya yi ƙarya daga baya. Sunana Lawali. Ina da teburin gyaran salula a bakin kasuwar Dakoro. Karatuna bai wuce aji shida na lakkwal ba, wato makarantar boko, don haka wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi mini uzuri. Zan bi hanyar ne yadda na bi ta.

A Arlit na fara sanin na bar gida. Ina zaune a tasha da jakata, wani mai farar riga ya tsaya kaina ya ce, "Wannan fuskar ta mutanen Dakoro ce." Ya ce shi ɗan Birnin Lalle ne. Ya kira sunayen unguwanni, ya tambayi ruwan bana, har na ji kamar na ga ɗan'uwa. Ya ce in ba shi jakar ya kama mini wuri a mota kafin ta cika, ni kuwa in je in ci abinci. Ban sake ganinsa ba. Bargona yana ciki, da rigunana, da ƙuli-ƙulin da innata ta daka mini.

Wata mai sayar da shinkafa da wake ta ga ina ta kewaya tasha ina leƙa motoci. Da na gaya mata, ko mamaki ba ta yi ba.

Ta ce, "Yau ɗan Birnin Lalle ne? Jiya ɗan Madawa ne."

Ta zuba mini abinci, sannan ta jawo wani bidon ruwa da aka ɗinke da buhu ta miƙo mini. Ta ce nata ɗan ma ta nan ya bi, in na ga wani dogo mai wushirya da ake kira Sani, in ce masa tana nan inda ya bar ta. Na tambayi Sani mai wushirya a duk garin da na sauka, ban same shi ba.

Game da hamada ba ni da abin faɗi mai yawa. An cusa mu bayan mota, kowa ya riƙe sanda tsakanin ƙafafunsa don kada ya faɗo. Kafin iyaka direba ya sauke mu, ya nuna mana gabas da haɓa ya juya. Muka taka har tafin ƙafata ya saɓule. Wanda ke gabana bai yi mini magana ba, ni ma ban yi wa na bayana ba. Ruwan bidon nan ne ya kai ni.

A Tamanrasat, wadda muke ce wa Taman, na sauka wani gida da ƴan Nijar ke haya, ɗaki cike da tabarmi da warin takalma. Nan na haɗu da Baba Nomau. Dattijo ne gajere, mai faɗin kafaɗa, gemunsa fari ba don tsufa kaɗai ba, har da ƙurar dutse. Mutumin wani ƙauye ne bayan Korahane. Dabbobinsa sun ƙare a wata muguwar shekara, ya zo yana aiki a kariyar, wato wurin fasa dutse da ke bayan gari, don ya sake haɗa garke. Can yake kwana duk mako, ranar Alhamis da yamma motar dutse ta kawo shi gari, bayan sallar Juma'a ta mai da shi.

Yana jin na yi sallama ya ɗago kai. "Kai, wannan bakin na Dakoro ne. Ɗan wa?"

Na ja baya, don na riga na ji irin wannan gaisuwa a Arlit. Ya lura, ya yi dariya.

"An yi maka ke nan. Kwantar da hankalinka, ba ka da jakar da zan ɗauka."

Ya ba ni bargonsa na biyu. Ya jiƙa mini ƙafa da ruwan gishiri. Da ya ji cewa a gida ina ɗan taɓa rediyo da tocila, washegari ya ja ni shagon wani Buzu mai gyaran waya, Agali, wanda ya daɗe a Arlit har Hausa ta zauna bakinsa.

Baba Nomau ya ce masa, "Ga yaro na kawo maka. In ya ɗauki ko allura, ni za ka nema."

Agali ya dube ni ta saman tabarau. "Ka iya shayi?"

Na ce na iya.

"To, rabin aikin ke nan."

Shagon ɗan ƙarami ne, benci ɗaya muke zama ni da shi, kafaɗa na taɓa kafaɗa. Ya koya mini buɗe waya ba tare da na fasa bayanta ba, da canja batir, da ɗora sabon ekaran, wato gilashin fuskarta. Ba ya faɗa, ba ya kuma yabo. In na yi daidai sai ya miƙo mini wata wayar. Ni kuwa yabon nake so, kuma daga nan ɓarnata ta fara.

Cikin manyan wayoyin yanzu akwai waɗanda ko an kulle su fuskar ba ta mutuwa gaba ɗaya. Takan yi baƙi, amma agogo yana nan tsakiya dishi-dishi, da ƴar alama in an kira ka ba ka ɗauka ba. Ba sai ka taɓa ta ba, kallo kawai za ka yi. Na tambayi Agali me ya sa ba a ƙara masa haske, me ya sa kuma yake da nawa.

Ya ce, "Kana ganin ta kamar a farke take, amma gyangyaɗi take yi. Ta ɗaga ido ta gyara minti, ta koma. Da haka batir ke kai wa yamma."

Ban gamsu ba. Na bi bidiyoyin masu gyara har na samo wata manhaja da ke hana wayar wannan gyangyaɗi. Da ka sa ta, haske ya tashi, daƙiƙoƙi su yi ta gudu a gaban idonka, kira na shigowa lambar ta fito da manyan baƙaƙe nan take ta tsaya. Na gwada a wata wayar shago na nuna masa, ina jiran ya ce madalla. Ya karɓa, ya ɗora bayanta a kumatunsa, ya miƙo mini in ji. Ta yi ɗumi.

Ya ce, "Mai gadi ka sa yana zagaya gida da gudu tun safe. Yaushe zai faɗi?"

Na ce ai mutane za su so.

"Za su so. Amma ba a shagona ba. Cire."

Na cire, ina cewa a raina tsufa ne ke damunsa.

Sai in faɗi yadda Baba Nomau yake magana da gida, don duk abin a kan haka ya tsaya. Ƙauyensu babu rezo. Sai an hau wani tudun rairayi mai nisa da gari waya ke kamawa. In kai ka kira su ba za ka samu ba, don wayar tana cikin bukka a ƙasan tudu. Su ne za su hau, su yi maka bip, wato su bar ta ta yi ƙara sau ɗaya su kashe, kai kuma ka kira su nan da nan suna tsaye. In ka makara sun sauka, sai wani jiƙon. Ƙanensa Illa ke hawa, yawanci bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Wani lokaci yakan ɗora mahaifiyarsu a amalanke ya kai ta, don ta ji muryar babban ɗanta.

A kariyar kuwa injin niƙa dutse ba ya barin ka ji ko kiran sunanka. Ƙaramar wayar Baba Nomau tana aljihu, hannuwansa suna kan guduma. Sau da yawa sai ya tashi aiki ya ga bip ɗin, ya kira, a ce ba a samun lambar. Shi ya sa ya sayi babbar waya ta hannu wurin Agali, mai agogon nan da ba ya mutuwa, ya bayar da ƙaramar ga wani abokin aikinsa da ke komawa gida. Dabararsa ita ce ya jingina ta a dutse gabansa, yana aiki yana satar kallo.

Mako na zagayowa ya dawo yana ƙorafi. "Agali, wannan agogon naka kunya gare shi. Rana na fitowa ya ɓoye. Alamar kuma kamar ƙwayar gero, sai na duƙa."

Agali ya ce, "Sa ta cikin gwangwani ka kwantar, ta samu inuwa. Za ka gani."

"Gwangwani. Na sayi waya mai tsada, a ce in nemo mata gwangwani."

A wannan zuwan ne ya gaya mana tsohuwa ba ta da lafiya. Illa ya ce ta daina cin tuwo, sai ɗan ruwan hura, kuma kullum sai ta tambayi yaushe za a kai ta tudu. Don haka ba zan ce ban san abin da ke kan wayar nan ba. Na sani.

Agali ya fita karɓo kaya a tasha. Na ce wa Baba Nomau ya kawo in gyara masa, amma kada ya gaya wa maigida, don ba ya son a fi shi. Haka na faɗa. Kafin shayi ya tafasa na gama. Na miƙa masa, na fita waje na yi masa bip da tawa wayar. Lambata ta fito ɓaro-ɓaro, ana ganin ta daga bakin ƙofa.

Ya riƙe baki. "Dubi yadda yake gudu kamar an biyo shi. Lawali, Allah shi yi maka albarka."

A gida ya bi kowa yana nunawa, yana cewa ɗan Dakoro ya fi Buzu. Na ji daɗi ƙwarai. Tun da na bar gida ba a taɓa nuna ni da yatsa don abin kirki ba.

A kariyar babu kuran, wato wutar lantarki. Gurup, injin ba da wuta, ake tayarwa da safe na ɗan lokaci, kowa ya sa wayarsa sharji, shi ke nan sai gobe. Wannan ma na sani.

Juma'ar da ta zagayo da safe ya shigo shago, wayar a mace a hannunsa.

Ya ce, "Kullum kafin la'asar ta mutu. Ina kallo tana gudu, in ɗago kai in ga baƙi. Ban ji su ba duk makon nan."

Na yi sauri na karɓe ta na kife a cinyata. Agali yana fama da wata mata da ta kawo waya ta faɗa miya. Bai juyo ba ya ce, "Ka taɓa ta?"

Na ce, "A'a. Zafin dutse ne, yana cin batir."

Baba Nomau ya dube ni ya ɗan kashe ido, wai yana riƙe mini asiri. Shi a ganinsa alheri na yi masa a ɓoye, bai haɗa gudun agogo da mutuwar waya ba.

Agali ya ce, "Sa masa sabon batir."

Na sa. Cire manhajar nan ba zai ɗauke ni lokacin shan kofin shayi ba. Amma sai na kunna wayar, kuma da na kunna agogon zai fara gudu a kan bencin da muke zaune, a gaban mutumin da ya ce ba a shagonsa ba, wanda na gama ce wa ban taɓa ba. Na ce a raina zan bi Baba Nomau gida in gyara. Na kuma ce sabon batir zai riƙe. Na miƙa masa ita a kashe, na ce ya kunna a hanya. Aiki ya riƙe ni har aka kira salla, ana sallamewa motar dutse ta tashi da shi. Ina iya biyan wani mai babur ya kai ni kariyar washegari. Na yi tunanin haka, ban je ba.

Alhamis da ta biyo ya dawo, har yanzu bai ji su ba. Ya sa wayar sharji a gida. Ranar Juma'a da hantsi ta yi ƙara, ba bip ba, kira sosai. Illa ne daga kasuwar Dakoro, inda akwai rezo. Ina zaune kusa, ina jin muryarsa.

Ya ce sun kai tsohuwa tudu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Yakan shimfiɗa mata tabarma a gindin wata aduwa ya ba ta wayar ta riƙe. In ya buga, wata mace ce ke amsawa da bakin da ba su ji. Tsohuwa takan ce, "Ku bar shi, aiki ne ya yi mishi yawa." Daga baya ta kasa hawa amalanke. Ranar Laraba ta cika, an kai ta.

Baba Nomau ya yi salati. Ya ajiye wayar kan tabarma, agogo yana ta gudunsa. Sannan ya juyo gare ni, ni da ya kamata ya shaƙe, ya dafa gwiwata.

"Kada ka damu, Lawali. Ka yi iya ƙoƙarinka. Zafin garin ga har waya yake kashewa."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Agali ya rufe shago ya zo gaisuwa. Bayan an shafa fatiha idonsa ya faɗa kan wayar. Ya ɗauka, ya ɗora bayanta a kumatunsa, ya ɗan latsa, ya ajiye. Agogon ya koma dishi-dishi. Bai dube ni ba. Washegari a shago ya bari na gama shara, na dafa shayi, sannan ya yi magana.

"Ba zan kore ka ba. Hannunka yana da kyau. Amma shi ya tsaya maka a nan, kai za ka je ka gaya masa. Ni ba zan faɗa ba, ba maganata ba ce."

Na ce to.

Ban je ba. Kafin Alhamis ta zagayo na naɗe bargon da Baba Nomau ya ba ni na hau motar arewa, ban yi wa kowa sallama ba.

A Gardaya na yi aikin gini, na yi na lambun dabino. Ban ce wa kowa na iya gyaran waya ba. Wani ɗan kwangila ya sa mu ɗaukar bulo har muka kai ginin sama, ranar sallama ya ce mu jira shi a bakin ƙofa, sai ga motar masu kame ta shawo kwana. Muka watse ta bayan katanga, haƙƙinmu ya tafi. Na koma lambu, inda sanyi ke tsaga leɓe, ƙayar dabino ta cika mini hannu da miki. Mai lambun da ke maƙwabtaka da mu, wani tsohon Balarabe, yakan aiko mana da kwanon kuskus ranar Juma'a. Bai san sunanmu ba, mu ma ba mu san nasa ba. In ya wuce yakan ɗora hannu a ƙirji, mu ma mu ɗora.

A can kewar gida ta kama ni sosai. Ba manyan abubuwa nake tunawa ba. Hura mai sanyi da nonon Fulani, ƙamshin ƙasa in an yi ruwan fari, hayaniyar kasuwar dabbobi, muryar innata tana faɗa da awaki. Duk lokacin da na kira gida aka ɗauka, in na ji muryarta, daɗin ba ya kai mini ciki. Nakan gajarta maganar in ce aiki ya yi yawa.

Kame na biyu bai bar ni ba. An tara mu a wani fili, aka karɓe wayoyinmu, aka zuba mu a motoci zuwa kudu. Mun bi ta gefen Taman, na hango duwatsun bayan gari da ƙurar kariyar tana tashi, na sunkuyar da kai kamar wani zai gane ni daga can. Aka sauke mu cikin rairayi aka nuna mana hanyar Asamaka. Na sake takawa kamar farko, sai dai wannan karon babu bidon. Wani ɗan Gine da ba ma jin maganar juna ya riƙa ba ni kurɓi daga gorarsa. Daga Asamaka zuwa Agadas, daga Agadas zuwa gida, na iso Dakoro da riga ɗaya da silifa wari da wari.

Yayana ya ara mini tebur da laima. Abin da Agali ya koya mini shi ya ciyar da ni. Ranar kasuwa mutanen daji sukan cika gabana da ƙananan wayoyinsu, daga Korahane, daga Azagor, kowa da labarin tudun da yake hawa. Nakan yi aiki kaina a duƙe. Na ji labari Baba Nomau ya dawo, ƙurar dutse ta taɓa masa ƙirji, ya samu ƴan awaki da saniya. Damina ta wuce, wata ta wuce, ban nemi hanyar ƙauyensu ba.

Wata ranar kasuwa wani siririn mutum mai rawani ya ajiye ƙaramar waya a teburina, ya ce madanninta ya daina aiki. Ina buɗe ta ya ce, "Kai ne Lawali da ya zauna Taman?"

Na ce ni ne.

"Ni ne Illa, ƙanen Nomau. Ya ji ka dawo. Ya ce ko ya yi maka wani laifi ne, ka tahi ba sallama, ka dawo ba gaisuwa."

Na tambayi lafiyarsa. Illa ya ce da sauƙi, yana tari. Sannan ya matso kamar mai son sauke kaya.

"Kai da ka san aikin nan, gaya mini gaskiya. Zafi yana kashe waya kullum, kuma daidai la'asar?"

Na ci gaba da kwance wayarsa.

Ya ce, "Cewa ya yi wai zafi ne. Mu nan sanyi gare mu? Tawa a rana take yini, ba ta taɓa mutuwa ba. Ni dai na ce kashe ta ya yi, don kada a ce ya taho gida ya bar aiki. Na faɗa mishi haka a gaban mutane. Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ya raba awakinsa da nawa, rijiya ma ba mu zuwa lokaci guda."

"Shi me ya ce?"

"Mi zai ce? Cewa yake shi ya jawo, da ya bar ƙaramar wayarsa ya sayi babba don a gani. Kullum maganar ke nan, har ta ishe mu."

Na gyara masa madannin. Wata ƙaramar ƙusa ta faɗi cikin ƙasa, na daɗe ina nema. Na ce in kasuwa ta tashi ya jira ni, zan kai shi gida a babur.

Hanyar rairayi ce, babur yana ta nutsewa, muna sauka muna turawa. Illa yana ta ba ni labarin farashin raguna, ni kuwa ina ta shirya magana a raina tana rushewa. Na yi tunanin in ce kuskure ne na rashin sani. Na yi tunanin in ce manhajar ce ta yaudare ni. Duka na san ba haka ba ne.

Mun iske Baba Nomau a rijiya yana ba awakinsa ruwa. Ya rame, kafaɗun nan sun zube. Da ya gane ni ya saki guga ya taho yana tari yana dariya.

"Ɗan Dakoro. Ashe kana da rai. Ina bargona?"

Na ce yana Gardaya.

"To, ya fi ni yawo."

Ya riƙe hannuna bai saki ba, yana gaya wa masu ban ruwa cewa wannan ne yaronsa na Taman, mai hannun zinariya. Illa ya juya zai wuce gida. Na ce ya tsaya, maganar da na zo da ita ta su biyu ce. Muka koma gefe inda ba kowa. Suka zauna nesa da juna. Na cire takalmina na durƙusa a rairayi.

Na faɗa musu duka. Na ce agogon nan mai gudu shi ke shanye batir kafin la'asar, kuma Agali ya hana ni tun kafin in sa. Na ce ranar da ya kawo ta shago na san dalili, na ce zafi ne. Na ce cire abin ba ya ɗaukar komai, na bar shi don kada maigidana ya kama ni da ƙarya. Na ce na san tsohuwa na kwance, na san ana kai ta tudu. Na ce Agali ya umarce ni in faɗa, na gudu.

Ba wanda ya katse ni. Illa ya ja rawaninsa ya rufe baki, yana kallon yayansa. Baba Nomau yana kallon ƙasa, yana tara rairayi da gefen hannu yana bajewa. Da na gama ya ce, a hankali, "Ashe ba zafi ba ne."

Na ce, "Ba zafi ba ne, Baba. Ba kai ba ne kuma. Kana gaban wayar nan kullum kana jiran su, ni shaida ne. Kawu Illa, bai taɓa kashe ta ba, ni na kashe ta. Kai ka ba ni bargo, ka wanke mini ƙafa, ka tsaya mini a wurin baƙo, ni kuwa na hana ka jin muryar mahaifiyarka don kada a ga kuskurena. Ba ni da abin da zan mayar maka. Ban zo don ka ce ba komai ba, don da komai. In ka ga dama ka yafe mini, in ba ka iya ba yau, zan dawo. Na yi maka laifi, Baba. Ka gafarce ni."